Yadda Ake Bin Sawun Ruwan Teku, da Abin da Ya Haɗa Shi da Daminarmu

(An rubuto wannan lacca daga rikodin. An gabatar da ita gaban ɗaliban labarin ƙasa da malaman gona. An rage gaishe-gaishen farko.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Malamai, ɗalibai, da 'yan'uwa malaman gona da na hango sun cika layin baya, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu huɗu zan taɓa. Me ya sa teku ke riƙe da akalar yanayi, yadda ruwansa ke zagayawa, kayan da ake auna shi da su, sai kuma abin da ake fargaba game da gaba.

Na ɗaya gajere ne. Ruwa akwai haɗiyar zafi. Mita uku na saman teku kaɗai suna iya riƙe zafin da dukan iskar da ta lulluɓe duniya za ta riƙe, alhali matsakaicin zurfin teku ya kai mita 3,700. Shi ya sa rarar zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ke tarewa, kusan kashi 90 cikin 100 teku ne ke shanye shi. Ƙarin zafin da muke ji a iska ɗan ragowa ne. Iskar kabon da ake fitarwa ma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu cikin teku take ƙarewa. Kuma ruwan nan ba a zaune yake ba, yana ɗaukar zafin daga nan ya kai can.

Na biyu, me ke tafiyar da shi? A sama iska ce ke tura shi. A ƙasa kuwa nauyi ne. Lita ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Sanyi yana ƙara wa ruwa nauyi, gishiri ma haka. Tsakanin ruwan ɗumi na saman teku a yankinmu da ruwan da ke nutsewa a can arewa, bambancin bai wuce giram huɗu zuwa biyar a lita ba. Giram biyar fa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

A 1751 wani kyaftin, Henry Ellis, wanda jirginsa na safarar bayi ne, Allah ya kyauta, ya zura bokiti mai murfi da ma'aunin zafi a ciki zuwa ƙasan Tekun Atlantika, a yanki mai zafi. Ruwan sama digiri 29, wanda ya jawo daga ƙasa digiri 12. Shi amfanin da ya gani shi ne ya samu ruwan sanyaya abin sha. Sai daga baya masana suka ce to wannan sanyi daga ina, a wurin da ba a san ƙanƙara ba? Dole daga ƙarshen duniya ya gangaro ta ƙarƙashi.

Haka kuwa abin yake. A Atlantika ruwan ɗumi mai gishiri yana tafiya arewa a mita 1,000 na sama. In ya isa wajen Girinland da Aisland da Norway, iskar hunturunsu ta zuƙe zafinsa, ya yi nauyi, ya nutse, ya juyo kudu ta ƙasa, tsakanin mita 1,000 zuwa 4,000 da ɗoriya. Sai can kewayen Antaktika iska mai ƙarfi ta jawo mafi yawansa sama. Ruwan da ya nutse yana iya yin shekara ɗaruruwa, har dubu, bai sake ganin rana ba. Wannan juyi shi ake kira AMOC. Yawansa kusan tan miliyan 17 na ruwa a kowane sakan. Kogin Kwara in ya isa bakin teku, a matsakaici 'yan dubban tan ne kawai a sakan, kenan AMOC ta kai Kwara dubbai. Zafin da yake kaiwa arewa ya ninka dukan makamashin da 'yan Adam ke amfani da shi wajen sau 60. Abin da ya bambanta Atlantika da sauran tekuna shi ne ko a kudu da layin Ikwaita zafin arewa yake nufa. Yana ɗebo zafi daga rabin duniya na kudu yana kai wa na arewa. Gizagizan ruwan sama kuwa ɓangaren da ya fi ɗumi suke bi. Malaman gona, ku ja layi a ƙarƙashin wannan.

To yanzu mu zo na uku, kayan awo, inda nake so mu daɗe. Na farko shi ne Argo, dubban na'urori masu yawo cikin teku suna auna shi.

Kafin shekarar 2000, in ana son sanin zafin teku a zurfi, sai an tayar da jirgi da ma'aikata da mai, a tsaya a tsakiyar ruwa, a zura na'ura da igiyar ƙarfe. Tasha ɗaya tana cin awa uku zuwa huɗu. Kuma ba kyaftin ɗin da ke son tekun kudu lokacin sanyinsu, igiyar ruwa ta fi wannan zauren tsayi. Saboda haka abin da aka sani na teku yawancinsa na arewa ne, na hanyoyin jiragen kasuwanci, na lokacin da ruwa ya kwanta.

Dabarar ta samo asali ne daga wani Bature ɗan Birtaniya, John Swallow, a 1955. Ya samu bututun alminiyam irin wanda magina ke haɗa matakalar gini da shi, ya toshe bakunan, ya daidaita nauyinsa. Ga hikimar: ruwa ya fi bututun ƙarfe matsuwa. In bututun na nutsewa, ruwan da ke kewaye da shi yana ƙara nauyi fiye da yadda shi yake ƙarawa, har ya kai wani zurfi da nauyinsu ya zo ɗaya. Nan zai tsaya. Ba ya hawa, ba ya sauka, duk inda ruwan ya nufa can ya nufa. A 1957 da irin waɗannan bututu aka tabbatar akwai ruwa mai gudu kudu a ƙarƙashin Gulf Stream, wato babban ruwan ɗumi mai gudu arewa daura da gabar Amurka, kamar yadda masanin teku Henry Stommel ya lissafa a takarda kafin kowa ya gani.

Na'urar Argo jikanyar wannan bututu ce. Tsayinta ya ɗara mita ɗaya ban da eriya, nauyinta kilo 20 zuwa 30. Ba ta da inji, ba ta da farfela. A cikinta akwai batir, da ƙaramar kwamfuta, da tankin mai, da famfo. A gindinta, daga waje, akwai jakar roba. In tana son hawa, famfo ya tura mai cikin jakar, jakar ta kumbura. Nauyin na'urar bai canja ba ko giram ɗaya, amma girmanta ya ƙaru, sai ruwa ya ɗaga ta. In tana son sauka, ta janye man ciki. A wasu samfuran duka man da ke wannan aiki kusan kwatan lita ne. Kwatan lita, jama'a, shi ke sauke kilo 25 zuwa zurfin kilomita biyu ya dawo da shi. Kun ga inda giram biyar ɗin nan ya dawo.

Ga yadda kwana gomanta ke tafiya. Ta nutse zuwa mita 1,000, ta yi kwana tara tana bin ruwa. Me ya sa mita 1,000? Can ba haske, ba gansakuka, ba ragar masunta, ba jirgin da zai taka ta. Kuma in ka san inda ta nutse da inda ta ɓullo, ka raba tazarar da kwanakin, ka samu gudun ruwa a wannan zurfi kyauta. Rana ta goma ta ƙara gangarawa zuwa mita 2,000. A nan matsin ruwa ya kai kilo 200 a kan kowane santimita ɗaya tsawo da faɗi, wato wurin da bai fi farcen yatsa ba, kuma famfon dole ya tura mai waje a kan wannan matsi. Wannan ne ya fi cin batir. Sai ta fara hawa a hankali, kusan santimita 10 a sakan, awa shida, tana auna abu uku: zafi, gishiri, da matsi, wanda shi ke gaya mana zurfi. Ta ɓullo, GPS ya ba ta inda take, ta aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ta koma.

Na farko-farko suna yin awa shida zuwa goma sha biyu a sama kafin su gama aika saƙo, saboda tsohon tsarin tauraron yana da jinkiri. A wannan zaman iska ke kora su gaba, ƙananan halittu su manne musu. Da aka koma tsarin taurarin Iridium, minti 15 zuwa 20 ya isa, kuma ana iya aika mata umarni daga ofis, a ce canja zurfi, ko riƙa hawa kullum domin ga guguwa nan tafe.

Yadda ake jefa ta ma abin kallo ne. Ba sai jirgin bincike ba. Ana saka ta a kwali, a ɗaure da wani tef da ke narkewa a ruwa, a ba jirgin dakon kaya. In sun kai wurin da aka yi musu alama, ma'aikata su zura kwalin da igiya ta bayan jirgi, ba tare da jirgin ya tsaya ba. Kwalin ya jiƙe ya buɗe, na'urar ta fito ta kama aiki. Daga ranar ba mai sake taɓa ta, har batirinta ya mutu bayan shekara huɗu zuwa biyar, wasu fiye. Amma kafin ta bar masana'anta sai an auna ta a tanki an daidaita nauyinta giram-giram, kuma sai an faɗi tekun da za ta. Wadda aka daidaita don ruwa mai gishiri sosai, in ka jefa ta kusa da bakin babban kogi irin Amazon ko Kwango, ruwan sama ya yi mata sauƙi, tana iya kasa ɓullowa. Tana nan da ranta a ƙasa, amma ba labari.

An fara jefa su wajen 2000. A ƙarshen 2007 aka cika 3,000, yanzu suna kusan 4,000, ƙasashe wajen 30 ke haɗa hannu. Manufar ita ce a samu ɗaya a kowane fili mai kusan kilomita 300 tsawo da faɗi. Kowace ɗaya tana cin dala 20,000 da wani abu, kuma kowace shekara sai an jefa wajen 800 don maye waɗanda suka mutu. Bayanan kuma, ku saurara ɗalibai, kyauta ne. Cikin awa 24 suna intanet, a rumbu biyu, ɗaya a Brest ta Faransa, ɗaya a Amurka. Ba wanda zai tambaye ka takardar shaida. Mai neman abin rubuta kundin digiri, ga shi nan a zube. Wancan na kusa da taga da ke gyangyaɗi, a gaya masa an samar masa taken kundinsa. (Dariya)

Amma fa kada ku sauke lamba ku hau ta kai tsaye, domin na'ura tana ƙarya, ba da niyya ba. Bari in nuna muku inda take yi.

Gishiri ba a auna shi kai tsaye. Ana auna yadda ruwan ke wuce da lantarki ne. A kan na'urar akwai wani siririn bututun gilashi, bai kai kaurin fensir ba, da ƙarafan filatinam uku a ciki. Ƙaramin famfo yana zuƙo ruwa ta ciki. A bakinsa an sa guba kaɗan don kada wani abu ya tsiro. In ɗan maiƙo ko yauƙi ya kwanta a bangon gilashin, ramin ya ƙuntata da abin da ido ba ya gani, sai na'urar ta ce gishiri ya ragu. In kuwa ruwa ya tsiyaya cikin abin da aka lulluɓe gilashin da shi, lantarki ya samu wata hanya, sai ta ce gishiri ya ƙaru. Ana neman daidaito na giram 0.01 a kilo. Daga wajen 2016 na'urori da yawa suka kamu da wannan ciwo na biyu. Sai lissafi ya nuna wai tekun duniya gaba ɗaya yana ƙara gishiri. To ta yaya, alhali ƙanƙarar Girinland da Antaktika na narkewa tana zuba ruwan daɗi? Nan aka gane daga na'ura ne.

Wanda ya fi wannan tayar da ƙura shi ne na 2006. Aka buga bincike cewa teku ya yi sanyi tsakanin 2003 da 2005. Masu musun ɗumamar duniya suka yi ta murna. Da aka koma aka tona, abu biyu ne suka haɗu. Wani rukunin na'urori a Atlantika yana liƙa wa kowane awo zurfin da ba nasa ba, sai ruwa ya fito da sanyi fiye da gaskiya. Sannan tsofaffin ma'aunan da ake jefawa daga jirgi, masu jan siririyar wayar tagulla, su ba sa auna zurfi sam, lissafa shi ake yi daga saurin faɗuwarsu, kuma lissafin yana da ɗan kuskure da ke sa ruwa ya fito da ɗumi. Ka bar ma'auni mai ƙarin ɗumi ka koma mai ƙarin sanyi, me za ka gani? Sanyi na ƙarya. Su masu binciken da kansu suka fito da gyaran a 2007.

To ta yaya ake kama na'urar da ke tsakiyar teku, ba mai iya zuwa wurinta? Da ruwan ƙasa. A mita 2,000 ruwa ba ya canjawa da sauri, na bana kusan shi ne na shekara goma da suka wuce. Sai a kwatanta abin da ta faɗa a can da awon jirgin bincike na wannan yanki. In ta kauce a ƙasa, to a sama ma ta kauce, a gyara. Shi ya sa bayanan kala biyu ne, na nan take da wanda masani ya duba bayan shekara guda. Mai nazarin sauyin yanayi na biyun zai ɗauka, kuma ya duba alamar inganci da ke gefen kowace lamba. Ɗaya mai kyau ce, huɗu a jefar. Shi kuma jirgin, da me ake gwada nasa? Da ruwan kwalba. Akwai ruwan teku na musamman da ake ɗebowa daga arewacin Atlantika, a tace, a daidaita, a rufe a kwalabe a Ingila, duk ɗakin binciken duniya da shi yake gwada ma'auninsa. Sama da shekara ɗari ana haka, asalinsa daga Denmak.

Inda Argo ba ta kaiwa: ƙasa da mita 2,000, wato rabin ruwan teku ke nan, sai sababbin samfura masu kai mita 6,000, wasunsu a cikin ƙwallon gilashi, kuma ba su da yawa tukuna. Ƙarƙashin ƙanƙara ma matsala ne, eriya na karyewa, sai aka koya musu in sun ji ruwan kusa da sama ya kai sanyin daskarewa su fasa hawa, su ajiye awon sai wani zagaye.

Shugaba ya miƙo takarda. Na gani, ranka ya daɗe. To taurarin ɗan'adam a gurguje. Tun 1992, daga TOPEX/Poseidon zuwa jerin Jason zuwa Sentinel-6, akwai tauraro a nisan kilomita 1,336 yana auna tudun teku da na'urar rada, yana maimaita hanyarsa duk kwana goma. Teku ba shimfiɗe yake ba. Daga wannan gefen Gulf Stream zuwa wancan akwai bambancin tudu na kusan mita ɗaya, daga gangaren ake lissafa gudun ruwan sama. Su suka nuna teku na hawa sama da milimita uku a shekara, yanzu ya haura huɗu. Amma sama kawai suke gani. Mu wuce.

Na uku a kayan awo, wato igiyoyin da ke auna ƙarfin AMOC, shi ne RAPID, kuma darasinsa ya fi ƙarfin a tsallake. A 2005 aka buga cewa AMOC ta ragu da kashi 30 cikin 100. Hujjar ita ce tsallaka Atlantika da jirgi sau biyar: 1957, 1981, 1992, 1998, 2004. Daga tan miliyan 23 a sakan zuwa ƙasa da 15. Duniya ta ɗauka. To amma a 2004 Birtaniya da Amurka sun riga sun kafa igiyoyi a layin digiri 26 da rabi, daga Bahamas zuwa gabar Maroko. Kowace igiya an ɗaure ta a ƙasan teku da nauyi, sau da yawa tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa, ƙwallaye masu iska suna miƙar da ita, ma'aunan zafi da gishiri jere a jikinta. Daga bambancin nauyin ruwan gabas da na yamma ake fitar da abin da ke wucewa tsakani. Bayan kamar wata 18 jirgi ya zo ya aika sauti, ƙugiya ta saki, igiyar ta taso, a kwashe bayanai a kafa sabuwa. Shekarar farko kaɗai, AMOC ta yi lilo tsakanin tan miliyan 4 da miliyan 35. A shekara ɗaya! Duk lambobi biyar ɗin can sun faɗa cikin lilon shekara ɗaya. Ƙari a kan haka, tana da kakarta: tana ƙarfi wajen Oktoba, tana rauni wajen Maris da Afrilu. Awon 1957 a Oktoba aka yi shi, na 2004 a Afrilu. Kamar mutum ne ya je Dawanau sau biyar cikin shekara 47, zuwan farko da kaka, na ƙarshe a tsakiyar damina, ya dawo ya ce hatsi ya ƙare a ƙasa.

Kuma wani ɓangaren awon da wayar tarho aka riƙa yinsa. Tsakanin Fulorida da Bahamas akwai tsohuwar waya a ƙasan teku. Ruwan gishiri in yana gudu cikin maganaɗisun duniya yana haifar da ɗan lantarki, a auna shi a bakin wayar. Masanin kimiyya Michael Faraday ya gwada haka a kogin Landan a 1832, kayansa ba su kai ba. A 1982 aka fara karanta wannan waya, ruwan da ke wucewa wajen tan miliyan 32 a sakan. An ɗauka yana raguwa, sai a 2024 aka gano maganaɗisun duniyar ne da kansa ke sauyawa a hankali ba a cire shi daga lissafi ba. Da aka cire, ruwan kusan yana nan yadda yake shekara 40.

Wannan ba yana nufin a kwanta ba. A 2009 zuwa 2010 AMOC ta faɗi da kusan kashi 30 na tsawon shekara, sannan ta farfaɗo. Kudu da Girinland akwai wani yanki da ya ƙi ɗumama alhali ko'ina na ɗumama. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ce raguwarta a wannan ƙarni abu ne mai matuƙar yiwuwa, durƙushewa gaba ɗaya kafin 2100 kuwa ba a zata ba, amma tabbacinsu a kan haka matsakaici ne. Wasu masana sun fi su fargaba. Shekara 20 na awo ba su isa raba gardama ba. Gulf Stream dai ba za ta tsaya ba muddin iska na kaɗawa duniya na juyawa, juyin ƙasan ne ake magana. Akwai hannu a baya. Bismillah, Malama.

(Tambaya) Allah ya gafarta Malam, ni malamar gona ce. Manomi ba ya tambayata Girinland. Yana tambayata yaushe zai yi shuka, kuma bana za a yi fari ko ba za a yi ba. Duk wannan awo, me zan kai masa?

Malama, Allah ya saka da alheri, kin kawo mu gida. Bari in ajiye sauran takardun.

Farin 1972 da 1973, da na 1983 da 1984, manya a nan sun gani da idonsu. Tafkin Chadi da ke da faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma wajen 2,000. A lokacin an ɗora laifin kan makiyaya da manoma, wai kiwo da saran itace ne suka kori ruwa. Daga 1986, da kuma wani aiki na Alessandra Giannini da abokanta a 2003, aka nuna in ka ba kwamfuta zafin saman tekuna kaɗai na waɗannan shekaru, ba ka gaya mata komai game da shanu ba, tana fitar da farin. Arewacin Atlantika ya yi sanyi in an kwatanta da kudu, Tekun Indiya ya ɗumama, gizagizai suka ƙi hawowa. Saran itace ɓarna ne, amma babban dalilin daga teku ya zo. Lakar da aka haƙo a ƙasan teku daura da Senegal ma ta nuna cewa a zamanin ƙanƙara, duk lokacin da AMOC ta raunana sosai, Sahel ta yi fari na ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa na ce a ja layi.

Na shekara-shekara kuwa, ki sa ido a Mashigin Tekun Gini, nan kudu da mu. A Afrilu ruwansa digiri 28 zuwa 29. Daga Mayu iska ta jawo ruwan ƙasa mai sanyi a kan layin Ikwaita, zuwa Yuli da Agusta ya sauka wajen 23 ko 24. Teku ya yi sanyi, Sahara ta yi zafi, wannan bambanci ke tunkuɗo iskar damina. Wajen ƙarshen Yuni ruwa ya bar gaba ya yi tsalle zuwa arewa. Shekarar da wannan sanyi ya makara ko ya yi rauni, ruwa kan tsaya wa mutanen gaba, mu mu yi ta kallon sama. Haka aka yi a 1984. El Nino, wato ɗumamar ruwan gabashin Pasifik, yawanci yana rage mana ruwa, Bahar Rum in ta ɗumama tana ƙara mana. Waɗannan su NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke dubawa kafin ta fitar da hasashenta a farkon shekara, su kuma cibiyoyin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suke tattaunawa a taronsu na wajen Afrilu.

Masu gadin wannan ruwa su ne tulunan PIRATA, wato manyan tuluna masu ɗauke da ma'aunai a saman ruwa, na Burazil da Faransa da Amurka, tun 1997, guda 18 a ɗaure a Atlantika mai zafi, ɗaya daidai inda layin Ikwaita ya haɗu da layin Greenwich, kudu da Ghana. Babbar matsalarsu kifi ne. Kifin tuna yana taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke yawo a ruwa, jiragen kamun kifi su zo su ɗaura a jikin tulun, su ja shi gefe su zuba raga, ma'aunin iska ya karye, wani lokaci igiyar ta tsinke. Jirgin gyara kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ga shi yawancin manhajojin hasashe suna sa ruwan gabashin Atlantika, wajen Angola da Namibiya, ya fi gaskiya ɗumi da digiri da dama, wannan yana rage ingancin hasashen daminarmu.

Saboda haka abin da za ki kai wa manomi shi ne karkata: bana ta fi yiwuwa ta yi sama da yadda aka saba, ko ƙasa, ta zo da wuri ko ta makara. Da wannan zai zaɓi iri, gero mai kwana 70 zuwa 80 ko mai jinkiri. Ranar shuka a ƙauyensa kuwa teku ba zai ba ki ba. Wannan sai ma'aunin ruwan sama. Ƙa'idar da aka fitar a cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta kusa da Yamai a 1988 ita ce, bayan 1 ga Mayu, a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fashin sama da kwana bakwai a cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko ma'auninki zai gaya miki. Rabi na biyu ki haɗa da hasashen mako ɗaya zuwa biyu, kada ki dogara da na shekara. Ki kafa ma'aunin a fili, nesa da bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa a daidaice, a karanta lokaci ɗaya kowace safiya, a rubuta sifili ranar da ba a yi ruwa ba, kada a bar gurbin fanko, domin fanko ba a san ko ba ruwa ba ne ko mai karatun ne bai zo ba.

An kira salla. Na ga hannu biyu a nan gaba, ku riƙe tambayoyinku, bayan la'asar ina nan, kuma mai kwamfuta ya zo da ita mu sauke awon na'ura ɗaya ta Mashigin Gini mu duba tare. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.